Murhun rana yana dafa abinci, amma kada ki fara da tuwo

Wata Hajiya da ke shugabantar ƙungiyar mata a arewacin Jigawa ta aiko da tambaya kamar haka: "Mun samu ɗan tallafi don mu koya wa matan ƙauyukanmu girki da zafin rana, saboda itace ya yi tsada, gas kuwa ba a magana. Da gaske yana dafa irin abincinmu? Yana tuƙa tuwo? Ta ina za mu fara don kada kuɗin ya tafi a banza?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a mizani. Rana tana dafa abinci, wannan ba abin musu ba ne. Na ci wake da shinkafa, na ci farfesun kayan ciki, na ci alale da kabewa waɗanda ko tsinken ashana ba a kyasta musu ba. Sai dai zan gaya miki abin da masu kawo tallafi ba su cika faɗa ba. A shekarun da na yi ina yawon wannan aiki, murhun rana da na tarar an jingine a bayan ɗaki, ko kaza ta yi ƙwai a ciki, ya fi wanda na tarar da tukunya a kai yawa. Kuma kusan duk inda na bi diddigi, kayan lafiyarsu ƙalau, yadda aka koyar ne ya kashe abin. Don haka bayanin na'ura zan taƙaita shi, koyarwar ce zan tsaya a kai.

Ki fara da gyara suna. A wajenmu da an ce "sola", abin da ke faɗowa ran mutane shi ne farantin kan rufi da batir da cajin waya. Wancan lantarki ne, kuma girki da shi sai mai hali, domin tukunyar lantarki guda tana jan wajen wat 1,000, ga inbata ga batura. Naki daban ne: zafin ranar ake tarawa kai tsaye a jikin tukunya, ba waya ba batir. Ni "murhun rana" nake ce masa, kuma matan ƙauye suna ganewa nan take.

Duk matar da ta taɓa mance baƙar jarka a tsakar gida ta dawo ta tarar ruwan ya yi zafin wanka, ta riga ta san rabin ilmin. Baƙin abu yana shan zafi. Abu mai ƙyalli yana tura haske inda aka karkata shi. Gilashi ko farar leda suna barin haske ya shiga su hana zafi fita, kamar motar da aka kulle a rana. Da tsakar rana idan sama ta yi garau, fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana samun kimanin wat 1,000 daga rana. Abinci kuma ba ya buƙatar irin wutar da muke zuga masa. Yawancinsa yana nuna tun zafi na digiri 85 zuwa 90, ruwa yana tafasa a 100, wutar da ta wuce haka a tururi take tafiya ko ta koma ƙauri.

Murhun iri uku ne. Akwai na kwali, wanda ake manna wa takardar alminiyom mai ƙyalli, a lanƙwasa shi ya buɗe baki yana kallon rana, a sa baƙar tukunya cikin leda a ajiye a tsakiya. Wanda ya fi shahara shi ne CooKit, da ƙungiyar Solar Cookers International ta Kalifoniya a Amurka ta fitar a 1994, bisa tsarin wani Bafaranshe mai suna Roger Bernard. Zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 100 da 120, yana ɗaukar abincin mutum biyar ko shida. Ba shi da tsada, amma ruwa da gara da iska abokan gabarsa ne. Akwai na akwati, wanda kafinta zai iya yi: akwati cikin akwati, a cusa auduga ko buntun shinkafa a tsakani, gilashi a sama, da murfi mai madubi. Yana kai digiri 120 zuwa 150, yana cin tukunya biyu ko uku, yana gasa burodi da gyaɗa, kuma yana shekaru. Sai na ukun, mai siffar farantin dish na talabijin, wanda ke tattara haske wuri guda a gindin tukunya. Irin wanda ake kira SK14, ƙirar Jamus mai faɗin mita 1.4, yana ba da ƙarfi kamar wat 600, yana tafasa lita ɗaya ta ruwa cikin minti goma ko kusa da haka. Shi kaɗai ne ke suya. Shi ne kuma ya fi tsada, ya fi haɗari, ya fi son a tsaya a kansa, domin rana tana gusawa digiri 15 kowace awa, duk bayan minti goma sha biyar sai an juya shi.

Abin ba sabo ba ne ko kaɗan. Tun 1767 wani masani ɗan Suwizalan, Horace de Saussure, ya dafa 'ya'yan itace a akwatin gilashi. A nan gida ma, Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar daga 1969 zuwa 1985 yana ƙera irin waɗannan kaya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ita ma tun shekarun 1980 take ƙera murhun rana da na busar da amfanin gona. Da a ce ƙira ce matsalar, da tuni an wuce wurin.

To, mu zo ga tuwo, tunda na san nan ne zuciyar tambayarki. Ki tuna yadda ake yinsa: ruwa ya tafasa, a yi talge, a bari ya dahu, a zuba gari a tuƙa da muciya tukunya a buɗe, a rufe ya turara, a kwashe. Murhun kwali da na akwati kuwa ƙa'idarsu ita ce a rufe a tafi. Duk buɗewa ɗaya sai zafin da aka daɗe ana tarawa ya gudu, a ƙara jiran minti goma sha biyar ko fiye. Tuwon shinkafa yana yi, har ma yana kyau: a bar shinkafar ta yi luguf a rana, a shiga da tukunya inuwa a tuƙa, a mayar ta turara rabin awa. Na masara da na dawa ana iya damawa da ruwan sanyi tun farko, a rufe ya dahu, a tuƙa a ƙarshe. Ana ci, amma laushinsa ya yi yawa, kuma na sha ganin tsohuwa ta latsa malmala da yatsa ta ture kwanon ba ta ce komai ba. A kan mai faranti kuwa ana tuƙa tuwo na gaske, sai dai mai tuƙin tana tsaye cikin ranar azahar, ƙyalli na dukan idonta, kuma tukunyar ba ta wuce ta mutum bakwai ko takwas.

Babban cikas ɗin ma lokaci ne. Murhun rana yana aiki daga hantsi zuwa la'asar. Mu kuma kokonmu na asuba ne, tuwonmu na dare ne, ana so a kwashe shi da zafi bayan magariba. Manyan girki biyu na gidan Bahaushe duk sun faɗo lokacin da rana ba ta nan. Idan kika shiga ƙauye kika ce kin zo da abin da zai maye gurbin murhu, ranar farko da aka gwada tuwo ya ƙi, an gama da ke, kuma labarin zai riga ki isa ƙauye na gaba. Ki bar wa murhun itace tuwonsa. Ki ba rana abubuwan da ke cinye itace a hankali ba tare da neman juyi ba: wake, ganda, kan saniya, naman miya, gyaɗa da gurjiya, rogo, dankali, kabewa, ƙwai, alale, dafa-duka, da ruwan zafi. Waken da zai ci rabin ɗaurin itace, in an jiƙa shi tun dare aka ɗora da hantsi, kafin la'asar ya nuna, ba a ƙara ruwa ba, bai kama ba, ba wadda ta tsaya fifita wuta. A nan ne mace ke ganin riba da idonta.

Bari in ba ki labarin koyarwata ta farko, don kada ki maimaita. Mun tara mata a gindin wata tsamiya, mun jera murhunan kwali a fili suna ƙyalli gwanin sha'awa. Manyan baƙi suka makara, aka ce ba za a ɗora tukunya ba sai sun iso don a ɗauki hoto. Suka zo, aka yi ta jawabi a kan kwararowar hamada har azahar ta kawo jiki. Sai a lokacin aka sa shinkafa. Kafin ta nuna, fiye da rabin matan sun koma gida, domin su ma girki na jiransu. Aka raba murhu, aka raba kuɗin mota, muka rubuta rahoto cewa an yi nasara. Bayan wata uku na koma ni kaɗai, ba sanarwa, da misalin sha biyun rana. Gidajen da na tarar da tukunya a rana ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wata ledarta ta narke tun satin farko, kuma ba inda za ta sayo wata. Wata akuya ta ture mata tukunya. Wata maigidanta ya ce shinkafar ba ta ƙamshin wuta, yara kuma suna kukan babu ƙanzo, kuma da gaskiyarsu, abincin rana ba ya kamawa. Wata kuma sai da ta rage murya kafin ta gaya wa matar da ta raka ni cewa ba za ta bar abincin mijinta awa uku a tsakar gida ba alhali ba ita kaɗai ce a gidan ba. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da muka taɓo a ranar taro.

Wadda na tarar ta riƙe abin da gaske wata gyatuma ce da ba ta da mai yo mata itace. Kullum tana dafa gyaɗa da ƙwai jikarta na kaiwa tasha. Ta aza duwatsu a gefen kwalin saboda iska, ta kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, ta ɗora tukunyar a kan tsakuwa uku don kada leda ta manne a gindi. Ba mu koya mata ko ɗaya ba. Daga baya ita na ɗauka ta riƙa koyar da sauran, kuma ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Inda aka fi ba da misali da nasarar wannan aiki a yankinmu shi ne gabashin Chadi, a sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur irin su Iridimi da Tulum, daga wajajen 2005 da 2006. Wani ɗan Holan mai suna Derk Rijks ne ya kai tsarin, ƙungiyar Tchad Solaire ta riƙe aikin a ƙasa, ƙungiyar Jewish World Watch ta Amurka ta tallafa da kuɗi. Ki duba abin da ya haɗu a can a wancan lokacin. Fita neman itace na iya jawo wa mace duka ko fyaɗe, saboda haka buƙatar ba ta wasa ba ce. A cikin sansanin ake yin murhunan, matan sansanin ke yi ana biyansu, su ne kuma ke koyar da 'yan'uwansu da harshensu. Ana ba gida murhu biyu, ɗaya na abinci ɗaya na miya. Idan ya lalace akwai inda za a samu wani. Kuma ba a ce a jefar da murhun itace ba, an haɗa da murhu mai tsimin itace da kwandon riƙe zafi. A Indiya kuwa wata hanya aka bi: manyan farantan da wani masani mai suna Wolfgang Scheffler ya tsara suna samar da tururin da ake dafa abincin dubban mutane a wuraren ibada irin su Shirdi da Dutsen Abu. Can ma sirrin ɗaya ne, akwai abincin rana da dole a dafa kullum, akwai kuma ma'aikacin da kula da na'urar ne aikinsa. Wannan ya sa nake ganin makarantar kwana ko tsangaya ko asibitin da ke kusa da ku sun cancanci ki leƙa su.

Saboda haka zaɓen ƙauye shi ne aikinki na farko. Inda mata ke samun kara da kashin shanu kyauta bayan kaka, kada ki wahalar da kanki tukuna. Ki nemi inda ake sayen itace ko gawayi da kuɗi, ko inda yarinya ke fita tun safe sai azahar ta dawo da ɗauri guda. Sati biyun farko kada ki fito da murhu ko ɗaya. Ku shiga gidaje ku yi ta tambaya: me ake dafawa da rana, mutum nawa ke ci, wa ke biyan kuɗin itace, wa ke gida tsakanin hantsi da la'asar, ina rana ke faɗawa a tsakar gidan, ko darbejiya ta rufe ko'ina. Ku tafi da sikeli ku auna itacen da gida goma ke ƙonawa a sati, ku rubuta. Wannan awon ne kaɗai zai gaya miki gaskiya daga baya. Batun wa ke biya kuma kada ki raina shi. Idan maigida ke sayen itace, shi zai ci ribar, ita kuma za ta canza tsarin yininta. Sai an yi maganar a fili. Na ga gidan da aka daidaita cewa abin da aka rage na itace nata ne, kuma murhun gidan bai taɓa hutawa ba.

Daga nan ki zaɓi mata biyar ko shida a kowane ƙauye, waɗanda ake jin maganarsu: mai sayar da abinci, ungozoma, malamar Islamiyya, da irin gyatumar da na ba ki labari. Ki ba su murhu su yi wata guda suna girki a gidajensu, su yi kuskure su gyara, kafin su tsaya gaban kowa. Wadda ba ta ci abincin murhun rana a gidanta ba, kada ta koyar. Ni namiji ne, akwai zaurukan da ba na wucewa, kuma ko inda na shiga, akwai abin da mace ba za ta faɗa a gabana ba. Ke kin fi ni wannan dama. Maza kuma kada a bar su a baya. A gaisa da mai gari da liman tun farko, sannan wata rana bayan azahar a kai musu tire na wake da shinkafa da nama ƙofar masallaci, sai sun cinye a nuna musu inda aka dafa. Gani ya kori ji.

Ranar koyarwa, tukwane su shiga rana da ƙarfe tara, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Jawabi ya biyo baya, ai ana da awa biyu ko uku na jira. Kowace ta zo da tukunyarta da kayan miyarta, ta haɗa da hannunta. Kada taron ya wuce mata goma sha biyar, don kowa ta samu ta kai hannu kusa da murfi ta ji zafi ta janye. Ƙa'idojin da za su riƙe ba su da yawa. Mace ta dubi inuwarta: in ta fi ta gajarta kuma ta fito sosai, rana ta isa girki. Tukunya ta zama baƙa, marar kauri, mai murfin da ya zauna daidai. Wadda hayaƙi ya riga ya baƙanta ta yi, fara kuma a shafa mata fentin allo ta waje kawai a bar ta ta sha rana kwana biyu kafin a dafa da ita. A rage ruwa, domin ba ya ƙonewa kamar a wuta: shinkafa a rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu, nama da ganye da kabewa kusan ba sa son ruwa. A yanka komai ƙanana. A raba abinci tukunya biyu ƙanana maimakon babba ɗaya. A fuskantar da murhun inda rana za ta kasance nan da awa ɗaya. Sai ta ƙarshe wadda ta fi wuya ga duk wadda ta iya girki: kada a buɗe, kada a juya. Hannun da ya saba da ludayi sai an yi ta roƙonsa.

Idan na kwali za ku yi, su yi shi da kansu. Kwalin shago ya isa, kuma ga ƙaro a yankinku, in an jiƙa shi yana manna takardar alminiyom sarai. Kokon rogo ma yana yi. Wadda ta yi da hannunta ta san yadda za ta gyara. Leda ce ke ba da wahala. Ledar kasuwa ta yau da kullum narkewa take, sai mai jure zafi, ita ma bayan girki goma zuwa ashirin ta gaji. Kafin ki raba murhu ko ɗaya, ki tabbata akwai mai tireda ko wata mata a ƙauyen da ke sayar da ita ɗai-ɗai. Ƙaramin abu ne, amma ya kashe ayyuka fiye da yadda kike zato.

Kuɗin tallafin kuma, shawarata kada kaya su ci fiye da rabi. Sauran na bibiya ne: masu koyarwa su riƙa zagaya gidaje sati-sati har wata biyu, a riƙa biyansu ladan wahalarsu, sannan duk wata a haɗu a yi girki tare, kowa ta faɗi abin da ya ƙi mata. Murhu ɗari da bibiya ya fi dubu da aka raba aka juya baya. Kada ki ba da kuɗin zama, domin za ki cika fili da waɗanda ambulan ɗin kuɗi ya kawo. Kada kuma ki ba da murhu kyauta. Ko kaɗan ne a biya, ko ta hanyar adashi. Abin da aka sa wa kuɗi ba a barinsa ruwa ya doke shi.

Akwai abu ɗaya da nake so ki ba shi muhimmanci daidai da murhun, ko ma fiye: kwandon riƙe zafi. Babban kwando ne ko kwali, a shimfiɗa masa tsumma ko auduga ko buntu a cikin buhu, kauri kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, da matashi a sama. Abincin da ya nuna da la'asar, a sa tukunyar ciki a rufe, a buɗe da isha yana tururi. Shi ne gadar da ke haɗa rana da abincin dare, kuma da azumi ba a magana, kayan buɗa-baki na jira da zafinsu. Yana aiki da wutar itace ma: shinkafa ta tafasa minti biyar a sauke a sa a kwando, cikin awa ɗaya ta ƙarasa, wake ya samu kamar minti ashirin a wuta, sauran awa uku ko huɗu kwando ya yi. Ba ruwansa da hadari ko dare. Sai dai a ja kunne: abinci ya zauna da zafi sama da digiri 60. Idan an buɗe an ji ya koma ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci, domin a irin wannan ɗumin ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Haka nan idan hadari ya taso abinci bai nuna ba, a ƙarasa a wuta, kada a bar nama yana jiran rana.

Wajen jan hankali, ki yi magana da abin da ke damun su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, kuma gaskiya ne, ki sa a rahotonki. Amma abin da ke motsa mace a tsakar gida shi ne idon da ke ruwa, tarin goyon da ke bayanta a madafa, baƙin tukunyar da za ta kankare, da kuɗin itacen gobe. Kada kuma ki zagi wuta. Hayaƙi yana korar sauro, garwashi yana ɗumama ɗaki da hunturu, toka tana da amfaninta. Su sun sani, in kin yi kamar ba ki sani ba za su daina saurarenki. Wankan jego ma, ki lura da tulin itacen da yake ci. Ko ɗumama ruwan rana ta yi kafin a ƙarasa a wuta, an rage kaya.

Ruwan sha wata ƙofa ce mai kyau, musamman inda amai da gudawa ke yawan ɓulla. Ba sai ruwa ya tafasa ba, in ya kai digiri 65 ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun mutu. Akwai ɗan bututu mai wani kaki na musamman a ciki, ana kiransa WAPI, da ake jefawa cikin tukunya; idan kakin ya narke ya gangaro ƙasa, ruwa ya yi. In ba ku samu ba, a bari sai ya tafasa. Amma zafi ba ya cire guba irin dalma ko maganin feshi, wannan a faɗa musu ɓaro-ɓaro.

Game da mai faranti, ki yi taka-tsantsan. Inda haskensa ke haɗuwa yana kunna takarda cikin daƙiƙu, kuma ba a ganin harshen wuta balle yaro ya ji tsoro. A gidan da ke da zana da danni da rumbu, farantin da aka jingine yana kallon rana zai iya tayar da gobara ba kowa a kusa. In an gama a kife shi ko a rufe shi da buhu. Mai girki ta tsaya ta bayansa, ta juya shi ga barin rana kafin ta ɗora ko ta sauke, ta sa baƙin tabarau. Ni masu sana'a nake ba shi, masu tuyar awara da ƙosan rana da masu shayi, ba kowane gida ba.

Sai lokacin farawa. Kada ki kuskura ki buɗe aikin a Yuli ko Agusta, hadari zai kunyata ki. Tsakiyar hunturu ma ba ta da tabbas: ranar da hazo ya sauka har ana iya kallon rana da ido, inuwa ta dushe, murhu ba ya yin komai, ga ƙura da ke dusashe ƙyallin sai an riƙa gogewa da busasshen tsumma, ga rana ta karkata kudu sai an ƙara tayar da bayan kwalin. Lokuta biyu ne suka fi: bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, ko kuma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu. Ni na fi son na biyun, domin matan za su samu wata uku cur na rana mai ƙarfi, hannunsu ya faɗa kafin damina, ga shi lokacin karan gona ya fara ƙarewa, itace ya hau. Tun ranar farko ki gaya musu cewa da damina za a naɗe kwali a rataye a ɗaki inda gara ba ta kai, kwando ya ci gaba da aiki. Ki kuma ware ɗan kuɗin zagaye ɗaya na watan Oktoba, domin bayan hutun wata uku sai an je an tuna musu su sauko da shi. A wannan zagayen ki tafi da sikelin nan, ki isa da sha biyun rana, kuma kada ki aika cewa kina tafe.